Yadda Ake Tara Kan Sarkin Jarida da na Ƙunshin Kaya na Reluwen Zamanin Mulkin Mallaka

Kan sarkin da wannan bayani ya shafa ba na gidan waya ba ne, ko da yake wanda bai saba ba zai iya ɗaukarsa haka a kallon farko. Hukumomin jiragen ƙasa ne suka buga shi da kansu, suna sayarwa a tashoshinsu, domin mai aika ɗaurin jaridu ko ƙunshin kaya ya biya kuɗin dako tun kafin jirgi ya tashi. Kamfanonin reluwe na Ingila ne suka soma tsarin a 1855, daga baya ya bi layin dogo zuwa ƙasashen da Ingila ke mulka. Queensland da ke Ostireliya ta fitar da nata a 1867, shekara biyu kacal bayan buɗe layinta na farko, New Zealand ta biyo a 1890, New South Wales a 1891, haka kuma reluwen gwamnatin Cape da na Natal a kudancin Afirka kowanne ya yi nasa.

Akwai abin da ya kamata ka riƙe tun daga farko, domin duk matakan da ke tafe a kansa suka dogara. Wannan kan sarki ba a kan ambulan mai tsabta ya yi tafiya ba. A jikin ɗaurin da aka ɗaure da igiya aka manna shi, aka jefa cikin tarago, aka sauke a wata tasha, mai karɓa ya yage takardar ya yar. Saboda haka wanda ya tsira lafiya lau kaɗan ne, kuma darajar abin da ya tsira ta fi ta'allaƙa da shaidar da yake ɗauke da ita, wato sunan tasha da hatimi da kwanan wata da guntun takardar da yake manne a kai, fiye da kyawun fuskarsa.

Kayan aiki

Hantsakin kan sarki, mai faffaɗan baki marar kaifi da haƙora. Hantsakin gyaran gira bai dace ba, domin bakinsa yana huda tsohuwar takarda. Idan babu, ka zura ɗan farin kati a ƙarƙashin kan sarkin ka ɗaga shi, ka guji kama shi da yatsu, saboda gumi da maiƙon hannu suna barin tabon da sai bayan shekaru yake bayyana.

Gilashin ƙara girma mai ninki goma. Kyamarar waya tana iya tsayawa a madadinsa idan aka ɗauki hoton a hasken rana.

Ma'aunin haƙora, wato na auna ƙananan tsinin da ke gefen kan sarki inda aka huda shi, ko rula mai milimita idan ba a same shi ba.

Ƙaramin baƙin faranti da ruwan duba alamar cikin takarda, wanda dillalan kayan kan sarki suke sayarwa.

Kundin ajiya mai aljihuna, da ƙananan ambulan na takarda mai shara-shara. Ka nemi kundi mai faɗin aljihu, domin da yawa daga cikin kan sarkin reluwe sun fi na gidan waya girma, kuma za ka riƙa ajiye su tare da guntun takardarsu.

Kwano mai faɗi, farar takarda mai tsotse ruwa, da littattafai masu nauyi na danni.

Littafin rajista da fensir. Biro ba ya zuwa kusa da wannan aiki.

Taswirar layin dogon ƙasar da ka zaɓa, wadda ta nuna tashoshi, da katalog. A nan sabon shiga yakan yi tuntuɓe, domin manyan katalog na kan sarkin gidan waya irin na Stanley Gibbons ba su lissafa mafi yawan waɗannan ba, tun da ba gidan waya ne ya fitar da su ba. Sai an nemi na musamman. Na kamfanonin Ingila, H. L'Estrange Ewen ya tsara su tun 1906, na Afirka ta Kudu kuwa aikin Hagen da Naylor na 1985 shi ne masu tarawa suke komawa gare shi. Idan littafin ya gagara, tsofaffin jerin gwanjo da ke intanet, masu hoto da bayani, suna rage hanya ƙwarai.

Mataki na 1: Zaɓi reluwe ɗaya ka tsaya a kansa

Taura biyu ba ta taunuwa, kuma a wannan fage jarabar saye daga ko'ina tana da ƙarfi, domin kowace hukuma da irin zanenta. Wanda ya bi wannan jaraba yakan wayi gari da kundi cike da baƙin da ba su san juna ba, bai kuma ƙware a ko ɗaya ba.

A ganina, mafi dacewa da mai farawa shi ne kan sarkin jarida na reluwen New Zealand. Farashi shida ne kawai, wato ½d, 1d, 2d, 3d, 4d da 6d (d kobo ne na tsohon lissafi), an yi amfani da su daga 1890 har zuwa 1925, lokacin da wani sabon iri na biyan kuɗin dako ya maye gurbinsu. Haɗa shidan ba shi da wuya kuma ba shi da tsada, amma da yake an yi ta sake buga su cikin shekaru talatin da biyar, akwai bambancin takarda da haƙora da launi wanda zai koya maka dukan aikin a kan kayan da ba za ka yi kuka ba idan ɗaya ya lalace.

Wanda ya fi son fage mai faɗi sai ya ɗauki jiha ɗaya ta Ostireliya. Yankunan sun haɗu sun zama ƙasa ɗaya a ranar 1 ga Janairu 1901, amma reluwe ya ci gaba da zama a hannun kowace jiha, don haka kowacce ta ci gaba da buga nata har shekaru masu yawa bayan haka, Ostireliya ta Yamma ma sai a 1905 ta fara. Wanda zuciyarsa ke Afirka kuwa yana da Cape Government Railways, da Natal Government Railways, da Central South African Railways da aka kafa a 1902 bayan yaƙin Boer, waɗanda aka haɗe su duka bayan kafa Tarayyar Afirka ta Kudu a 1910. Rhodesia Railways, reluwen yankin Zimbabwe da Zambiya na yau, ma ta yi nata daga baya. Mai jin Faransanci yana da wata ƙofar, domin kan sarkin ƙunshin kaya na reluwen Aljeriya yana cikin katalog ɗin Yvert et Tellier.

Ka yanke wa kanka iyakar shekara ma, ka rubuta ta a shafin farko na rajistarka.

Mataki na 2: Koyi karanta fuskar kan sarkin

Abu uku za ka nema: sunan hukumar, nau'in aikin, da farashi. Sunan yakan zo a taƙaice, kamar C.G.R. ko N.G.R. ko C.S.A.R., na Afirka ta Kudu bayan haɗewa kuma za ka ga S.A.R. da S.A.S., wato sunan da Ingilishi da kuma da harshen Turawan Boer. Nau'in aikin yana cikin kalmar Newspaper idan na jarida ne, ko Parcel idan na ƙunshi ne, wasu kuma suna ɗauke da duka biyun.

Farashin ba baƙo ba ne ga wanda ya san kuɗin da aka kashe a Najeriya kafin 1973. Harafin d yana nufin kobo na tsohon lissafi, ½d dari ne, 3d taro, 6d sisi, 9d nai, 1/- sule ɗaya, 2/6 kuma sule biyu da sisi, kobo 12 ke yin sule, sule 20 ke yin fam. Wannan ma hanya ce ta ƙiyasta shekara cikin sauri, domin Afirka ta Kudu ta koma rand da santi a 1961, Ostireliya ta koma dala a 1966, New Zealand a 1967. Duk wanda ka gani da farashin santi daga waɗannan ƙasashe, na bayan nan ne, komai tsufan da dillali ya ce yana da shi.

Mataki na 3: Raba shi da masu kama da shi

Nan ne aka fi yin asarar kuɗi, don haka zan ɗan daɗe.

Na farko shi ne kan sarkin gidan waya na yau da kullum wanda aka buga wa hatimi a cikin jirgi. Jiragen da yawa suna jan taragon gidan waya inda ma'aikata ke tantance wasiƙu ana cikin tafiya, hatiminsu kuma yakan ɗauki haruffan T.P.O. A kan layin dogon Najeriya ma, wanda ya isa Kano a 1911, an yi irin wannan tarago. Fage ne mai kyau mai zaman kansa, kuma shi ne wanda mai tonon tsofaffin wasiƙun gida zai fi cin karo da shi, amma hatimin ne na jirgi, kan sarkin kuwa na gidan waya ne.

Na biyu shi ne kan sarkin gidan waya da aka buga wa haruffan reluwe a kai, ko aka huda haruffan a jikinsa, domin wasiƙun ofis na hukumar. Misalin da aka fi sani shi ne na yankin Transvaal da ke Afirka ta Kudu, wanda aka buga wa C.S.A.R. a 1905. Waɗannan suna da tsada, kuma da yake ƙara haruffa huɗu a kan kan sarki mai araha ba aiki ne mai wuya ba, jabunsu ya yi yawa. Kada ka saya sai da takardar shaida daga ƙwararru, irin wadda Royal Philatelic Society ta Landan take bayarwa, mafi alheri ma ka bar su sai idonka ya buɗe.

Na uku shi ne kan sarkin wasiƙa na reluwen Birtaniya, wanda ya fara a ranar 1 ga Fabrairu 1891 bisa yarjejeniya da gidan waya, inda mai aikawa ke biyan 2d ga reluwe ban da kuɗin gidan waya. Na reluwe ne na gaskiya, amma na wasiƙa ne, ba na jarida ko ƙunshi ba. Kusa da shi akwai na zamani masu launi da hoton kan jirgi, waɗanda ƙananan layukan yawon buɗe ido ke bugawa, kamar Talyllyn da ke Wales wanda ya fara a 1957. Suna da kyau a ido, amma ba su da alaƙa da zamanin da kake tarawa.

Na ƙarshe shi ne kan sarkin haraji da ake mannawa a rasit da takardun kotu. Idan babu sunan reluwe a jikinsa, ajiye shi gefe.

Mataki na 4: Saye

Kusan duk abin da za ka samu daga waje zai zo, ta kasuwannin intanet irin eBay da Delcampe, ko gwanjon dillalai na ƙasar da ka zaɓa. Ka nema da kalmomin "railway parcel stamp" ko "railway newspaper stamp" haɗe da sunan hukumar, ka kuma duba sashen da dillalai ke kira Cinderella, domin nan suke zuba duk abin da ba na gidan waya ba. Ƙungiyar Railway Philatelic Group ta Birtaniya ma wuri ne na samun masana da musayar kaya.

Sayenka na farko ya zama tari, wato gauraye na guda ashirin ko hamsin, ba ɗaya mai tsada ba. Tari ne ke ba ka abin kwatantawa, kuma sau da yawa a cikinsa ake tsintar tashar da dillali bai kula da ita ba. Ka nemi hoton gaba da na baya kafin ka biya, domin siraran wuri da gyaran yagewa daga baya suke bayyana. Ka haɗa sayayya da yawa daga dillali ɗaya saboda kuɗin aikowa kada ya fi kuɗin kayan, ka biya na rajista mai lambar bibiya, ka roƙi a sa kayan tsakanin kati biyu cikin leda. Idan biyan kuɗi da katin banki ya ba ka wahala, ɗan'uwa ko aboki da ke zaune a waje zai iya karɓa ya tara maka, ya taho da su a jakar hannu.

Game da lafiyar kayan, kada ka auna su da ma'aunin kan sarkin wasiƙa. Lanƙwasa kaɗan, ko guntulewar haƙori ɗaya, ko zanen fensir mai launi da ma'aikacin tasha ya ja domin soke shi, duk abin karɓa ne a kan wanda aka yi amfani da shi. Abin ƙi shi ne jan tabo mai kama da tsatsa, da wanda aka liƙe da salatif, da wanda aka datse haƙoransa da almakashi.

Mataki na 5: Kafin ruwa ya taɓa shi

Idan kaya sun iso, shimfiɗa su a kan farar takarda ka raba kashi biyu, waɗanda suke su kaɗai da waɗanda suke manne da guntun takarda. Kuskuren da ba ya gyaruwa shi ne ɗaukar kashi na biyu a zuba a ruwa don a tsabtace su. Hatimin tasha yakan fi kan sarkin faɗi, rabin sunan yana kansa rabi yana kan takardar, kuma idan ka raba su ka raba sunan har abada. Haka nan guda uku ko huɗu da ke manne wuri ɗaya suna nuna jimillar kuɗin da aka biya, wanda daga gare shi ake gane nauyin kayan ko nisan tafiyar idan an sami jadawalin farashi. Idan kuwa ka yi sa'ar samun cikakkiyar takardar naɗin jarida ko alamar ƙunshi mai adireshi, ko almakashi kada ka kai mata.

Wanda za a jiƙa shi ne kawai wanda takardar bayansa ba ta ɗauke da komai, ko take ruɓewa tana ɓata shi.

Mataki na 6: Jiƙawa da busarwa

Zuba ruwa mai tsabta, mai sanyi ko ɗan ɗumi kaɗan, ka sa kan sarkin fuskarsa na sama, ka bar shi minti goma zuwa ashirin har takardar ta saki da kanta. Kada ka ja. Ɗauraye shi a wani ruwan, ka kifa shi a kan takarda mai tsotse ruwa, idan ya sha iska ka sa shi tsakanin takardu biyu busassu ka danne da littattafai har kwana ɗaya ko biyu.

Hatimin roba mai ruwan shuɗi ko shunayya yana zuba a ruwa, haka ma takardar naɗi mai launi tana rina abin da ke kusa da ita, saboda haka irin waɗannan ɗaya-ɗaya ake yi musu. Hanyar da ta fi aminci gare su ita ce ta raɓa: sa jiƙaƙƙen soso a cikin roba mai murfi, ka ɗora kan sarkin a kan wani abu da zai hana shi taɓa soson, ka rufe, ka riƙa dubawa har gam ɗin ya yi laushi. Wanda ba a taɓa amfani da shi ba, mai gam ɗinsa na asali, ba ya shiga ruwa ko kaɗan.

Mataki na 7: Auna haƙora, takarda da launi

Lambar haƙora ita ce yawan hujin da ke cikin santimita biyu. Ɗora gefen kan sarkin a kan ma'auni ka matsa shi har haƙoran su dace da ɗigogin, ka auna sama sannan ka auna gefe, domin wani lokaci sun bambanta. Da rula kuwa, ƙirga haƙoran da ke cikin milimita 20. Wasu ba a huda su ba, tsaga-tsaga aka yi musu da wuƙar inji, gefensu yakan fito kusan a miƙe. Wannan ba lalacewa ba ce, nau'i ne da ake rubutawa daban.

Ɗaga shi ga haske ka duba takardar. Idan ka ga siraran layuka a jere a cikinta, nau'i ɗaya ce, idan kuwa sumul take, wani nau'in ne, kuma a kan na New Zealand wannan bambanci yana da muhimmanci. Don ganin alamar cikin takarda, kifa shi a baƙin faranti ka ɗiga ruwan dubawa, alamar za ta fito na ɗan lokaci kafin ya bushe. Kada ka musanya wannan ruwa da fetur ko kananzir, suna barin maiƙo kuma suna narkar da wasu tawada. Idan babu ruwan, fitilar waya daga baya a ɗaki mai duhu tana nuna mafi yawansu.

Launi shi ne abin da ya fi yaudara, domin rana da ruwa suna sauya shi. Kada ka yi saurin cewa ka sami sabon launi sai ka ga guda biyu ko uku masu lafiya da suka yi daidai da juna a hasken rana.

Mataki na 8: Bi sawun tashoshi

Hukumomi da yawa sun riƙa buga sunan tashar da za ta sayar a jikin kan sarkin kafin a raba shi, domin a san lissafin kowace tasha kuma a toshe hanyar sata. A New Zealand bayan 1925 da wasu jihohin Ostireliya cikakken suna ake bugawa, a Afirka ta Kudu da Rhodesia kuwa gajerun haruffa ne da ke wakiltar tashar, sai an nemi jerin fassararsu. Wannan ya sa farashi ɗaya yana iya zuwa da sunaye masu tarin yawa. Na manyan birane suna ko'ina, na ƙaramar tashar ƙauye da aka rufe tuntuni kuwa samunsa sai an dace, ko da kuwa kan sarkin kansa na kobo ɗaya ne. A nan taswirarka za ta yi aiki: duk tashar da ka samu ka yi mata alama da fensir, da sannu za ka ga reshen layin da ya kusa cika da wanda ba ka taɓa ba, wannan kuma shi zai riƙa jagorantar sayayyarka.

Mataki na 9: Rajista da jeri

Ba kowane guda lamba, ka rubuta hukuma, farashi, haƙora, takarda, tasha, irin hatimi, inda ka saya da nawa. Lambar a kan ɗan guntun takarda za ka rubuta ka sa kusa da shi a aljihu, ba a bayansa ba. Jera su bisa fitowarsu, sannan bisa farashi, ko kuma ka bi layin dogon tasha bayan tasha idan ka karkata ga tashoshi. Ni dai na fi son na biyun, domin shi ne ke nuna yadda jarida take barin birni ta isa ƙauye. Ka ɗauki hoton kowane shafi ka ajiye a wuri biyu.

Mataki na 10: Ajiya a yanayinmu

Da damina laima tana sa gam ya manne da shafi, tana kuma haifar da jan tabon nan, wanda yake yaɗuwa daga guda zuwa guda. Duk wanda ka ga ya kamu ka ware shi nan take. Da hunturu kuwa bushewa tana naɗe masu gam har su tsage idan aka miƙe su da ƙarfi, ƙura kuma tana shiga ko'ina. Ka ajiye kundi a tsaye, ba a kwance ana ɗora wani kan wani ba, cikin akwati mai rufuwa sosai, nesa da bango da ƙasa saboda gara da kyankyasai, ka sa ƙunshin ƙwayoyin tsotse laima irin waɗanda ke zuwa cikin kwalin takalmi ko magani, ka riƙa shanya su ko sauya su. Leda mai laushi mai warin roba tana ɓata tawada idan an daɗe, kada ka yi ajiya a cikinta. Sau ɗaya a wata, a rana mai sauƙin laima, ka buɗe kundin ka juya shafukan ɗaya bayan ɗaya su sha iska a inuwa. Waɗanda suka maimaitu a hannunka ka ware musu ambulan daban, kowanne da lambarsa ta rajista, domin da su za ka yi musaya da masu tarawa na ƙasar da ka zaɓa idan kana neman tashar da ba a kawo ta kasuwa.